Yaya ƙarar da eriyar kumbo ke ɗauka take nuna gudun elektiron a sararin samaniya?

Ɗalibin Aboabo:

Assalamu alaikum, malamai da ’yan uwa na wannan zaure. Ni ɗalibin fiziks ne a nan Kumasi, kuma a darasin filasma da muke yi, wato iskar gas da ƙwayoyinta suka rabu zuwa elektiron da sauran ɓarɓashi masu caji, an kawo mana wata magana da har yanzu ban gamsu da ita ba. An ce kumbunan da ke binciken iskar rana, wato ɓarɓashin elektiron da furoton da Rana ke fesowa ba dare ba rana, suna ɗauke da doguwar eriya ta waya, kuma daga raunanniyar ƙarar lantarkin da eriyar ke ɗauka ake gane yawan elektiron da ke wurin, da zafinsu, har ma da yadda gudunsu ya kasu tsakanin masu sauri da masu nawa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a ɗakin gwaji ƙara ita ce abin da ake koya mana mu rage ko mu tace, domin tana rufe siginar da muke nema. Waya kuwa ba ta ƙirga elektiron ɗaya bayan ɗaya, ba ta san daga ina ya fito ba, ba ta kuma san da wane gudu ya wuce ba. To ta wace hanya abin da bai da tsari zai ba da lissafin da har masana za su dogara da shi? Kuma tun da akwai na’urorin da ke kama elektiron kai tsaye su auna ƙarfinsu, mene ne amfanin bin wannan doguwar hanya? Ina kuma so in sani ko faifan nan na sauraron rediyon taurari na Kuntunse da ke kusa da Akra zai iya jin wannan ƙara daga ƙasa, domin ina neman abin da zan yi aikin kammala karatu a kansa. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Tsohon Malamin Fiziks, Asawase:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da abin da ke cikin ɗakin gwajin naku. A shekarar 1928 John Johnson ya auna ƙarar da ke fita daga rizisto ko da ba a haɗa shi da batir ba, Harry Nyquist kuma ya bayyana dalilinta: zafi ne ke motsa elektiron da ke cikinsa, kuma ƙarfin ƙarar yana tafiya daidai da zafin da kuma girman turjiyar rizisto ɗin. Ke nan wanda ya san turjiyar, ya kuma auna ƙarar, ya san zafin. Motsin elektiron guda ɗaya ba shi da tsari, wannan gaskiya ne, amma matsakaicin motsin biliyoyinsu yana bin doka tsayayya, kuma wannan matsakaicin ake aunawa. Eriyar da ke cikin filasma a kan wannan ƙa’ida take aiki, sai dai elektiron ɗin ba a cikin wayar suke ba, ta gefenta suke wucewa, kowane ɗaya yana jawo ɗan canjin boltej a jikinta yayin wucewarsa.

Abin da ya sa wannan ƙara ta fi ta rizisto ba da labari shi ne filasma tana da nata firikwensi na kaɗawa, wato sau nawa take kai da komo a sakan. Idan aka ture elektiron gefe guda, furoton masu nauyi da aka bari a baya za su jawo su, su dawo su zarce, a sake jawo su, haka nan suna kai da komo. Irving Langmuir da Lewi Tonks suka bayyana wannan a 1929. Saurin kaɗawar bai dogara da komai ba sai yawan elektiron. Ka ɗauki yawansu a santimita kubik ɗaya, ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan yawan, sa’an nan ka ninka ta da 9 kHz. A iskar rana kusa da Duniya, inda akan sami elektiron 5 zuwa 10 a santimita kubik, lissafin yana ba da 20 zuwa 28 kHz. Ƙasa da wannan firikwensi igiyoyin wannan kaɗawa, waɗanda ake kira igiyoyin Langmuir, ba sa iya tafiya, sama da shi kaɗan kuwa kowane elektiron mai wucewa yana tayar da su. Shi ya sa idan aka zana ƙarfin ƙarar a kan firikwensi, sai a ga tsini ya tashi daf da wannan wuri. Ka ga inda tsinin yake, ka san yawan elektiron, ba tare da ka damu da ko amfilifayarka tana ƙara ƙarfi fiye da kima ko ƙasa da kima ba, tun da wurin tsinin kake karantawa, ba tsayinsa ba.

Zanen yana da sassa da kowanne ke magana a kan wani rukuni na elektiron. Ƙasa da tsinin akwai shimfiɗaɗɗen wuri, kuma tsayinsa ya fi dogara da zafin elektiron masu nawa, waɗanda su ne mafi rinjaye. Dalili kuwa shi ne filasma tana lulluɓe cajin kowane elektiron ta yadda ba a jin sa sai a ɗan taƙaitaccen nisa da ake kira tazarar Debye, wadda a iskar rana kusa da Duniya takan kai kimanin mita 10, da zafi na kimanin digiri 100,000 a ma’aunin Kelbin. A wannan sashe eriyar tana jin waɗanda suka ratsa cikin wannan tazara ne kawai. Can sama da tsinin kuma ƙarar tana sauka da sauri, idan firikwensi ya ninka biyu sai ta ragu sau takwas a doguwar eriya, kuma matsayinta yana bin yawan elektiron a ninka da zafinsu gaba ɗaya, wato matsinsu.

Tsinin kansa shi ne wurin da tambayarka ta fi ƙarfi, don haka bari in daɗe a kansa. Elektiron ba ya ba igiya ƙarfi ko ya karɓa daga gare ta sai gudunsa ya yi daidai da gudun igiyar. Kamar yaron mota ne a tashar Kejetia: ba zai iya ɗare tirotiron da ta riga ta tashi ba sai ya yi gudu daidai da ita, wanda ke tafiya a hankali kuwa sai dai ta wuce shi. Wannan ita ce hulɗar da Lev Landau ya gano a 1946. To, igiyoyin da firikwensinsu ke daf da na filasma suna da dogon zango da gudu mai yawan gaske. Idan ka hau sama da firikwensin filasma da kashi 5 cikin 100 kawai, gudun igiyar ya kai ninki biyar zuwa shida na gudun da zafi ke ba elektiron, shi kuma wannan gudun ya haura kilomita 1,200 a sakan a zafin da na ambata. Idan ka matso zuwa kashi 1 cikin 100, ya kai wajen ninki goma sha biyu. Saboda haka tsayin tsinin da faɗinsa aikin ’yan tsirarun elektiron ne masu tsananin gudu, kuma kowane ɗan taki da ka yi a kan firikwensi yana daidai da wani gudu na daban. Ta nan firikwensi ya zama ma’aunin gudu, ta nan kuma rabon gudun ya shiga cikin ƙarar.

Wadda ta mayar da wannan ilimi hanyar awo ita ce Nicole Meyer-Vernet ta cibiyar nazarin taurari ta Paris da ke Meudon a Faransa, tun daga aikinta na 1979, kuma a 1989 ita da Claude Perche suka fitar da cikakken lissafin yadda siffar eriya ke shiga cikin zanen. Gwajin da ya sa aka yarda da hanyar ya zo ne a watan Satumba na 1985, lokacin da kumbon ISEE-3, wanda aka sake wa suna ICE, ya ratsa wutsiyar tauraro mai wutsiya Giacobini-Zinner. A tsakiyar wutsiyar ƙarar ta nuna elektiron kimanin 670 a santimita kubik, da zafin da ya faɗi zuwa wajen digiri 13,000. Irin waɗannan elektiron masu sanyi sun yi wa na’urar kama elektiron ta kumbon rauni, eriya kuwa ta ji su sarai.

Injiniya daga Nima:

Malam, Allah ya ƙara sani. Da izininka zan ɗora a kan tambaya ta biyu, domin amsarta tana ga jikin kumbon ne. Ƙanena, kumbo a cikin hasken Rana ba ya zama babu caji. Hasken da ya wuce shuɗi a ƙarfi yana fizge elektiron daga jikin ƙarfensa, masu fita kuma sun fi masu shigowa daga filasma yawa nesa ba kusa ba, don haka kumbon yana ɗaukar cajin fozitib na ’yan bolt. Elektiron na iskar rana kuwa ƙarfin yawancinsu bai wuce kimanin elektiron-bolt 10 ba, tun da elektiron-bolt ɗaya yana daidai da digiri 11,600. Ka ga ’yan bolt ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Kafin su isa bakin na’urar an riga an ƙara musu gudu, an lanƙwasa hanyarsu, sun kuma gauraya da waɗanda hasken Rana ya fizgo daga kumbon suka dawo. Mai nazari dole ya san cajin kumbon kafin ya gyara awonsa, shi kuma cajin yana canzawa da yawan filasma, wato abin da ake son aunawa. Eriya mai tsawon mita da yawa tana jin filasma mai faɗi, nesa da wannan gurɓataccen yanki, shi ya sa ake amfani da yawan da ta bayar wajen daidaita sauran na’urori.

Sharaɗinta shi ne tsawo da siranta. Dole kowane hannu na eriyar ya fi tazarar Debye tsawo kafin tsinin ya fito fili, kaurinta kuma ya zama ƙanƙani ƙwarai. Shi ya sa kumbon Ulysses, wanda aka harba a watan Oktoba na 1990, yake da hannu biyu na kimanin mita 35 kowanne, Wind kuma na watan Nuwamba 1994 yake da biyu na mita 50, da rasiba ta musamman don wannan ƙara wadda ke saurare daga 4 zuwa 256 kHz. Juyawar kumbon ce ke miƙar da wayoyin. Siranta tana da farashinta, domin ƙwayoyin ƙura masu tsananin gudu sun yanke wayar Wind a 2000 da kuma 2002, kuma sai da aka sake lissafin tsawonta kafin a ci gaba da fitar da zafi daga awon. Amma ba za a iya yin ta da kauri ba, saboda elektiron da ke faɗa wa jikin wayar kai tsaye suna haifar da wata ƙara ta daban, mai ƙarfi a ƙananan firikwensi, kuma yawanta yana bin faɗin jikin eriyar. Furoton ma suna da tasu: su gudun zafinsu ’yan gomman kilomita ne a sakan, iskar kuwa tana kwasar su da kilomita 400 zuwa 800 a sakan, don haka wannan gudu yana ɗaga firikwensin ƙararsu, ta bayyana ƙasa da tsinin, har ana iya ƙiyasta gudun iskar daga gare ta. A manyan firikwensi kuma hasken rediyo na babban tarin taurarin da Ranarmu ke cikinsa ne ke shigowa. Duk waɗannan sai an cire su ko an haɗa su cikin lissafi.

Game da Kuntunse, amsar ita ce a’a. Faifan nan mai faɗin mita 32, wanda aka mayar daga aikin sadarwa zuwa nazarin taurari aka kuma ƙaddamar a watan Agusta na 2017, yana saurare ne a 5 da 6.7 GHz, wato sama da abin da muke magana a kai da ninki dubu ɗari biyu ko fiye. Ko da an sauya masa rasiba ma ba zai ji ba, domin igiyoyin Langmuir motsin caji ne a cikin filasmar kanta, ba sa barin ta su yi tafiya kamar igiyar rediyo, sai mai saurare ya shiga cikinsu. Ga kuma shingen saman iskar Duniya, inda elektiron kan kai miliyan ɗaya a santimita kubik da rana. Ka yi lissafin da Malam ya ba ka, za ka sami 9 MHz, kuma duk abin da ke ƙasa da haka ba ya ratsowa. Wannan shingen ne ke dawo da shirye-shiryen gajeren zango ƙasa har iyayenmu ke kama tashoshin Turai a rediyonsu. Amma aikinka bai mutu ba, domin bayanan Wind da na Parker Solar Probe a buɗe suke kyauta a rumbun CDAWeb na hukumar NASA, kuma bin sawun tsinin na kwana guda ka fitar da yawan elektiron aiki ne da kwamfutar hannu za ta iya.

Mai Bincike a Legon:

Ina gaida Malam da Hajiya Injiniya. Ban saɓa wa komai a cikin bayaninsu ba, amma ina so ɗan’uwanmu ya san iyakar abin, kada ya ɗauka cewa ƙarar tana zana masa rabon gudun kamar hoto. Ba ta yi. Abin da ake yi shi ne a zaɓi siffar rabon tun farko, a lissafa ƙarar da za ta haifar, a kwatanta da awo, a yi ta gyara lambobi har su dace. Idan siffofi biyu daban suka ba da zane kusan iri ɗaya, eriya ba za ta raba gardama ba. A ganina yawan elektiron shi ne abin da za a rantse a kansa, zafin masu nawa yana biye, maganar masu sauri kuwa tana buƙatar taka-tsantsan, musamman tun da tsinin siriri ne, kuma rasibar da ke tsallake kashi da yawa cikin 100 tsakanin tasha da tasha za ta iya aske kansa. Haka nan idan yawan elektiron ya ɗan motsa yayin da ake awon, tsinin zai baje, mai karatu ya zaci wani abu ne game da gudu.

Dalilin da ya sa siffar ke da muhimmanci shi ne elektiron na iskar rana ba sa bin rabon Maxwell da muka koya a darasin iskar gas. Rabon Maxwell ɗan karo ne, sai ɓarɓashi suna yawan gogayya da juna yake tabbata. A iskar rana kusa da Duniya elektiron na iya yin tafiya mai kusan nisan Rana da Duniya kafin karo ya karkatar da shi, kuma wannan nisa yana ƙaruwa da gudu matuƙa: idan gudu ya ninka biyu, nisan ya ninka goma sha shida. Masu nawa suna ɗan samun karon da zai daidaita su, masu sauri kuwa babu mai taɓa su. Abin da na’urorin kama elektiron suka nuna tun shekarun 1970, har da na kumbunan Helios biyu na 1974 da 1976 da suka matsa zuwa kusan kashi uku cikin goma na nisanmu da Rana, rukuni uku ne. Akwai cibiya mai ɗauke da fiye da kashi 90 cikin 100, akwai ’yan kashi kaɗan masu zafin da ya ninka na cibiya sau da yawa suna tafiya ta kowace fuska, waɗanda ake kira halo, sai kuma strahl, siririn ayari da ke gudu daga Rana a kan layin maganaɗisu.

Da farko an riƙa lissafin ƙarar da rabon Maxwell guda biyu, mai sanyi da mai zafi. Daga baya aka koma ga rabon kappa, wanda Vytenis Vasyliunas ya yi amfani da shi a 1968, Chateau da Meyer-Vernet kuma suka lissafa ƙararsa a 1991. Bambancin yana a wutsiya. A rabon Maxwell, idan ka kai gudun nan na ninki biyar zuwa shida da Malam ya ambata, abin da ya rage bai wuce kusan ɗaya cikin miliyan goma na tsakiyar rabon ba. A rabon kappa wutsiyar tana sauka a hankali: idan kappa, lambar da ke nuna kaurin wutsiyar, 3 ce, ninka gudu biyu yana rage su sau 256 ne kawai, ko’ina a can nesa. Ƙaramar kappa tana nufin wutsiya mai kauri, babba ƙwarai kuma tana komawa Maxwell, kuma dole ta wuce 1.5 in ba haka ba zafi ya zama marar iyaka. A iskar rana akan same ta tsakanin 2 da 6, kuma nazarin bayanan Ulysses da Milan Maksimovic da abokan aikinsa suka yi a 1997 ya nuna wutsiyar ta fi kauri a iska mai sauri.

Wannan ba ado ba ne na lissafi. Waɗannan ’yan tsiraru su ne ke ɗauke da zafi daga Rana zuwa nesa, kuma a 1992 Jack Scudder ya kawo hujjar cewa idan akwai irin wannan wutsiya a ƙasan rawanin Rana, wato iska mai tsananin zafi da ke lulluɓe da ita, masu sauri ne kaɗai za su iya hawa sama, sai zafi ya riƙa ƙaruwa da tsayi ba tare da an ƙara wuta ba. Masana ba su haɗu a kan cewa wannan ne ke dumama rawanin ba, amma an ga irin alamarsa a watan Fabrairu na 1992, lokacin da Ulysses ya ratsa zoben filasmar da watan Io ke zubarwa a kewayen Jufita: ƙarar ta nuna zafin elektiron yana hawa yayin da yawansu ke sauka idan an nisanci tsakiyar zoben. Inda eriya ta fi rauni shi ne fuska. Strahl abu ne na fuska guda, kuma na’urar kama elektiron ce ke nuna faɗinsa da inda ya dosa, don haka duk kumbon da aka tsara da hankali yana ɗaukar duka biyun.

Ɗalibin Aboabo:

Na gode ƙwarai, Malam, Hajiya, da Yaya na Legon, Allah ya ƙara ɗaukaka. Akwai abu ɗaya da ya rage mini. Na duba na ga eriyoyin Parker Solar Probe mita 2 ne kawai kowace, alhali Hajiya ta ce dole eriya ta fi tazarar Debye tsawo, Malam kuma ya ce tazarar ta kai mita 10. Ta yaya hanyar ke aiki a wannan kumbo? Kuma shin maganaɗisu ba ya ɓata lissafin, tun da yana tilasta wa elektiron yin zagaye?

Tsohon Malamin Fiziks, Asawase:

Madalla, ɗana, ka haɗa lambobin da kanka. Mita 10 ɗin na kusa da Duniya ne. Tazarar Debye tana ƙaruwa da zafi, tana raguwa da yawa, kuma idan aka matsa kusa da Rana yawan ne ke rinjaye, domin yana hawa kusan sau huɗu duk lokacin da nisa ya ragu da rabi, zafin kuwa a hankali yake hawa. An harba kumbon ranar 12 ga Agusta 2018, kuma a kusantarsa ta farko a watan Nuwamba na shekarar, a nisan da ya kai kimanin ninki 36 na rabin faɗin Rana, yawan elektiron ya kai ɗaruruwa a santimita kubik. Ka ɗauki 400 da zafin digiri 300,000, za ka sami tsini a 180 kHz da tazara ta kusan mita 2. Ke nan a can eriyar ta kai, kuma tana ƙara dacewa gwargwadon matsowarsa, har zuwa 24 ga Disamba 2024 da ya gitta a nisan kilomita miliyan 6.1 daga fuskar Rana. Idan ya yi nisa kuwa tsinin yakan dushe, awon ya yi wuya. Ba a iya tsawaita su ba ne saboda suna leƙowa daga bayan garkuwar zafi zuwa cikin hasken kai tsaye, har sai da aka ƙera su da gaurayen ƙarfen niyobiyam mai jure wuta. Michel Moncuquet da abokan aikinsa suka fitar da awon farko a 2020, kuma yawan da ƙarar ta bayar yana cikin abin da aka dogara da shi wajen tabbatar da cewa ranar 28 ga Afrilu 2021 kumbon ya shiga yankin da gudun iskar ke ƙasa da gudun igiyoyin Alfvén masu bin layin maganaɗisu, wato cikin rawanin Rana, tun da wannan gudun daga ƙarfin maganaɗisu da yawan filasma ake lissafa shi.

Maganar maganaɗisu kuwa kwatanci ne na firikwensi biyu. Elektiron yana zagaya layin maganaɗisu sau 28 a sakan ga kowane nanotesla na ƙarfin maganaɗisu, don haka a nanotesla 5 na iskar rana zagayen 140 Hz ne, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na firikwensin filasma ba, ana iya kau da kai daga gare shi. Kusa da Duniya, Jufita ko Zuhal, inda maganaɗisu ke da ƙarfi, lamarin ya canza: ƙarar takan rabu gida-gida tsakanin ninkin firikwensin zagayen, tsinin kuma ya koma wani wuri da ya haɗa firikwensin biyu, sai a yi lissafin da igiyoyin da zagayen elektiron ke haifarwa, waɗanda ake kira igiyoyin Bernstein. Da haka aka yi awon zoben Io da ɗan’uwanku na Legon ya kawo, da haka kuma kumbon Cassini ya auna filasmar da ke kewaye da Zuhal tsakanin 2004 da 2017 da eriyoyi na mita 10. Don aikinka ka tsaya ga iskar rana, ka zaɓi ranar da babu fashewar rediyo daga Rana, domin irin wannan fashewa tana rufe tsinin na sa’o’i, sa’an nan ka kwatanta yawan da ka fitar da wanda na’urar furoton ta Wind ta bayar a lokaci guda. Za ka tarar na elektiron ya ɗan ɗara, saboda ƙwayoyin hiliyam da ke cikin iskar, waɗanda kowace ke zuwa da elektiron biyu.